S6, yankin huhun da ke ɓuya ta baya, da dalilin da ya sa na kowa ya ɗan bambanta

Tun da sakamakon wasu manyan bincike guda biyu ya fito, ɗaya daga Japan a 2022 ɗayan kuma daga Amurka a 2023, maganar tiyatar huhu ta canza salo. A da in aka ga ƙaramar kansa a huhu ƙa'idar ita ce a cire babban ɓangaren da take ciki gaba ɗayansa. Yanzu kuwa ana cewa in ƙarin bai wuce santimita 2 ba ana iya yanke ɗan yankin da ya zauna kawai a bar sauran. Sai ga shi mutane sun fara cin karo da wasu lambobi a takardar sakamakon hoton CT, wato hoton da ke nuna cikin jiki yanka-yanka, irin su S6, S9, S10, wani ma har da tauraro a gefe, S*, kuma ba kowa ne ake zaunar da shi a yi masa bayani ba. Wani za a ce masa matsalar tana ɓangaren ƙasa na huhu, amma ya ga likita ya ɗora abin awonsa can sama kusa da allon kafaɗa, sai ya rasa gane ina ne ƙasan. Yawancin ruɗanin nan a kan yanki ɗaya yake, wato S6, shi da maƙwabtansa.

Yadda aka kasa huhu

Huhu biyu ne, na dama da na hagu, amma ba girmansu ɗaya ba. Na dama ya fi girma, ya kasu manyan ɓangarori uku, sama da tsakiya da ƙasa. Na hagu biyu ne kacal sabida zuciya ta cinye masa wuri. Likitoci suna ce wa kowane babban ɓangare lob, kuma abin da ya raba su tsaga ce ta gaske wadda ido ke gani, da tantani mai santsi a kowane gefe.

A cikin kowane lob kuma akwai ƙananan yankuna, su ne ake sa wa harafin S da lamba. Su waɗannan ido ba ya ganin iyakarsu daga waje, huhun zai fito maka sumul kamar tsoka ɗaya. Abin da ya sa aka ɗauke su yankuna daban shi ne kowanne yana da nasa bututun iska da tasa jijiyar da ke kawo masa jini daga zuciya, su biyun suna shiga tare ta tsakiyarsa. Jijiyar da ke kwashe jinin ta mayar zuciya kuwa ba ta bin tsakiya, kan iyaka take bi, tana karɓar jini daga yankin nan da na kusa da shi. Kamar dai gidaje ne a layi, kowa da ƙofarsa da famfonsa, amma kwatar da ke tsakanin gida da gida ta su biyu ce. Wannan ne ya sa likitan tiyata yake bin jijiyar kan iyaka don ya gane inda zai yanka, kuma in ya ɗaure wadda ba ita ba, yankin da ya bari lafiya lau zai iya cika da jini ya kumbura.

A dama yankunan goma ne. Uku a sama, biyu a tsakiya, biyar a ƙasa. Biyar ɗin ƙasan su ne S6 zuwa S10. Huɗu daga cikinsu, S7 da S8 da S9 da S10, suna zaune ne a gindi a kan tantanin da ya raba ƙirji da ciki, S7 ta wajen zuciya, S8 ta gaba, S9 ta gefe, S10 ta baya. S6 shi ne ya hau kansu kamar hula. Ana sa wa bututun iskar kowanne B, jijiyar kawo jini A, ta kwashewa V, don haka in ka ga B6 ko A6 ko V6 duk kayan S6 ne.

Ina S6 yake takamaimai

Tsagar da ta raba lob ɗin ƙasa da na sama ba a kwance take ba, a karkace take. Tana farawa ta baya can sama wajen ƙashin baya na uku ko na huɗu na ƙirji, sai ta gangaro gaba har wajen haƙarƙari na shida. Ma'ana lob ɗin da ake cewa na ƙasa a gaskiya na baya ne, shi ya mamaye kusan duk bayan ƙirji. In mutum ya ɗora hannuwansa a ka, gefen allon kafaɗarsa na ciki yana bin layin tsagar nan kusan daidai. To ƙololuwar wannan lob ɗin, wurin da ke tsakanin allon kafaɗa da ƙashin baya, nan ne S6. Shi ya sa likitan da ya saurari ƙirji ta gaba kawai da ƙyar zai ji lob ɗin ƙasa, dole sai an juya baya.

Bututunsa B6 shi ne reshe na farko da ke fita daga bututun lob ɗin ƙasa, kuma kai tsaye baya yake nufa. A dama yana fita ne kusan daura da bututun lob ɗin tsakiya, wancan ya yi gaba wannan ya yi baya, shi ya sa mai cire lob ɗin ƙasa na dama sai ya yi takatsantsan kar ya matse bututun na tsakiya garin rufe nasa. Daga nan B6 yakan rabu uku, ɗaya ya yi sama, ɗaya gefe, ɗaya wajen ƙashin baya. Wannan fuskantar bayan da B6 ya yi, a riƙe ta, don ita ce tushen yawancin abin da ke samun yankin.

Daga ina taswirar ta fito

Ba rana ɗaya aka zana ta ba. A 1880 wani masanin halittar jiki ɗan Suwizalan, Christoph Aeby, ya fitar da nazari kan yadda bututun iska ke rassa a jikin mutum da dabbobi. A 1889 William Ewart a Landan ya nuna cewa kowane reshe yana da yankin da yake shayarwa shi kaɗai. Amma maganar ta zauna a littafi har sai da masu tiyata suka buƙace ta. A 1932 Kramer da Glass a New York, suna neman yadda za su gane inda ƙurjin huhu yake don su zubar da mugunya, suka raɗa wa yankunan sunan da ake amfani da shi har yau. A 1939 Edward Churchill da Ronald Belsey a Boston suka nuna ana iya cire yanki ɗaya a bar sauran lob ɗin. Sai Jackson da Huber a Filadelfiya suka tsara sunaye a 1943, Russell Brock na asibitin Guy's a Landan ya fitar da nasa aikin a 1946 kan alaƙar rassan nan da ƙurjin huhu, sannan Edward Boyden na jami'ar Minnesota ya zo da lambobin a littafinsa na 1955 bayan ya feɗe huhu masu yawa ɗaya bayan ɗaya.

Wani abu da ake mantawa shi ne Boyden ɗin da ya kawo lambobin shi ne kuma ya fi kowa rubuta yadda mutane ke saɓa wa lambobin. Taswirar da ke cikin littafin ɗaliban likitanci tsarin da aka fi samu ne, ba wai kowa haka yake ba.

Ko a ƙidaya ma ba a daidaita ba. A hagu, makarantun Amurka da na Japan sukan haɗe S1 da S2 su zama ɗaya, kuma tunda bututun S7 na hagu yawanci daga jikin na S8 yake fita, wasu sukan haɗe su su ma. Sai wani littafi ya ce hagu takwas ne, wani ya ce tara, wani ya dage goma ne. Masu cewa goma hujjarsu ita ce yankin yana nan ko da bututunsa ya yi tarayya da na wani. Masu cewa takwas su kuma suna cewa abin da mai tiyata zai iya ɗaurewa ya cire shi kaɗai shi ne yanki. Kowa da gaskiyarsa gwargwadon abin da yake ƙirgawa, huhun dai ɗaya ne.

Inda mutum ke bambanta da mutum

Tun a ciki ake yin bambancin. Huhu yana fara tsirowa a sati na 4 na ciki, ya yi ta rassa, zuwa wajen sati na 16 an gama shimfiɗa bututan iska. Duk wani ƙarin reshe ko rashinsa a lokacin ya faru. Ba taba ce ta kawo shi ba, ba ƙura ba, ba wani ciwo da aka yi ba, kuma ba a gyara shi don ba lalacewa ba ce.

A S6 kansa bututun ba ya cika canzawa, kusan kowa guda ɗaya ne. Jijiyar A6 ce mai rikici. Yawancin mutane ɗaya ce, amma da dama suna da biyu, jefi jefi ma uku, kuma wani lokacin jijiyar da ke zuwa bayan lob ɗin sama takan fito daga gindi ɗaya da A6. In mai tiyata bai lura ba ya ɗaure gindin, ya yanke wa bayan lob ɗin sama jini kenan alhali ba shi aka zo cirewa ba. Haka V6, yawanci tana zuba a babbar jijiyar lob ɗin ƙasa, amma akwai mutanen da wata jijiya daga lob ɗin sama take zagayowa ta bayan bututun iska ta zo ta haɗu da ita a nan, daidai wurin da ake tsagawa don cire ƙulluwa, wato kaluluwar da cutar kansa ke bi ta yaɗu.

Sai mai tauraron, S*. Shi wannan ƙarin yanki ne da ke maƙale tsakanin S6 da yankunan gindi, bututunsa yana fita ƙasa kaɗan da B6, kafin a kai rabuwar B9 da B10. Ba kowa ke da shi ba. Binciken da aka yi da hoton CT a shekarun nan yana samunsa a wajen mutum ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku, tsofaffin masu feɗe gawa kuma sun ba da adadi mafi yawa musamman a dama. Dalilin tazarar nan ba wani abu ba ne illa ma'ana, wasu ba sa ƙirga shi sai bututun ya fito shi kaɗai daga babban reshe, wasu kuma ko daga jikin B10 ya tsiro in dai wurin yake shayarwa sun ƙirga. Muhimmancinsa shi ne yana canza iyaka. In S* yana nan, S6 yakan yi ƙanƙanta, ƙarin da aka zaci yana gindin S6 sai a tarar a cikin S* yake, in aka cire S6 kawai to an bar cutar ko an yanka daf da ita.

Akwai kuma ƙarin tsaga. Wasu mutanen ana samun tsaga ta gaske tsakanin S6 da yankunan gindi, S6 ya zama kamar lob mai zaman kansa. A hoton ƙirji tana fitowa ne kamar siririn layi a kwance, har akan rikita ta da tsagar lob ɗin tsakiya ko a ɗauka tabon tsohon ciwo ne. Irin wannan tana faruwa da S7 ma. Wanda ya taɓa duba huhun rago ko na saniya da kyau ranar Sallah zai ga wani ɗan ƙaramin ɓangare a dama yana leƙe ta ƙarƙashin zuciya, to S7 na mutum shi ne takwaransa, a dabbobin ya ware sosai, a mutum ya manne sai a wasu kaɗan. Kishiyar haka ma tana nan kuma ta fi yawa, wato babbar tsagar ta ƙi kaiwa ƙarshe, S6 ya manne da bayan lob ɗin sama. In haka ta faru iska da cuta suna iya tsallakawa daga wannan lob zuwa wancan, kuma bayan tiyata wurin yakan daɗe yana yoyon iska.

Shin bambancin nan yana jawo ciwo? An daɗe ana cewa a'a. Sai a 2018 wani bincike da aka yi a Amurka kan dubban mutane ya samu cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu suna da wani bambanci a rassan bututunsu. Wanda ya fi yawa ƙarin reshe ne a lob ɗin ƙasa, wajen kashi 16 cikin 100, sai rashin bututun S7 na dama, wajen kashi 6. Masu irin waɗannan an ga sun ɗan fi kamuwa da cutar toshewar numfashi ta dindindin, na biyun musamman in suna shan taba. Amma fa alaƙa aka gani, ƙarin haɗarin kuma ba mai yawa ba ne in aka gwada da na tabar kanta, kuma babu wata ƙa'ida da ta ce a je a yi hoto don neman reshen.

Me ya sa abubuwa ke taruwa a S6

Nan ne maganar ta bar ɗakin tiyata ta shigo gida. Tunda B6 baya yake kallo, in mutum ya kwanta rigingine bakin B6 ɗin ya zama rami a ƙasan bututu, duk abin da ya kauce hanya ya shiga maƙogwaron iska, amai ne ko yawu ko ruwa, nan zai fara faɗawa, shi da yankin baya na lob ɗin sama. In mutum a zaune yake ko a tsaye kuwa abin yakan wuce ya gangara gindi, S9 da S10. Kuma dama ta fi hagu samu, don babban bututun dama ya fi faɗi, ya fi gajarta, ya fi miƙewa ƙasa.

Su wa abin ya fi shafa? Wanda hankalinsa ya gushe yana kwance. Mai farfaɗiya, wanda ya bugu ko ya sha ƙwaya ya yi nauyin barci, mai shanyewar ɓarin jiki da haɗiya ta gagare shi, wanda aka yi wa allurar barci da abinci a cikinsa. Dalilin da ya sa ake hana cin abinci awa 6 kafin tiyata kenan, ba don a wahalar da mutum ba. In bakin mutum akwai ruɓaɓɓun haƙora da ciwon dasashi abin ya fi muni, don ƙwayoyin cutar da ke bakin su ne ke sauka, bayan sati ɗaya ko biyu sai wurin ya ruɓe ya zama ƙurji, zazzaɓi, tari, kaki mai wari sosai. Brock tun a shekarun 1940 ya nuna cewa inda ƙurjin ya fito yana bin yadda mutum yake kwance lokacin da abin ya shiga.

A wajenmu akwai al'adu biyu da ke taɓa wannan kai tsaye. Ɗaya ɗura wa wanda ya suma ko yake jijjiga ruwa ko magani a baki yana kwance rigingine, ɗayan kuma ɗurar kunu ga jariri a toshe masa hanci yana kuka. Duka biyun hanya ce ta tura abu cikin huhu. Wanda ya suma yana numfashi a kan gefe ake kwantar da shi, ba a sa masa komai a baki sai ya farfaɗo sarai. Gyaɗa kuma ga yaron da bai kai shekara 3 ba, tana cikin abubuwan da aka fi ciro wa yara daga bututun iska a duniya, kuma man da ke jikinta yana kumbura bututun da sauri. A ƙananan yara ma bambancin dama da hagu bai kai na manya ba, ko ina tana iya shiga. Yaron da ya ƙware ya yi tari mai tsanani sannan ya lafa, daga baya nimoniya ta yi ta dawo masa a wuri ɗaya, a tuna wa likita maganar ƙwarewar nan.

Sai tarin fuka. A manya wuraren da ya fi so uku ne, ƙololuwar lob ɗin sama, bayansa, da S6. Kenan rami a S6 yana iya zama tarin fuka, yana iya zama ƙurji, yana iya zama kansa da cikinta ya ruɓe, hoto shi kaɗai ba ya rabewa. A ƙasa irin Najeriya da ke cikin waɗanda suka fi yawan masu tarin fuka a duniya dole a fara da gwajin kaki, kuma gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati na tarin. Matsalar da ke biyo baya ita ce a ɗora mutum a kan maganin tarin fuka wata da watanni ba tare da gwajin ya tabbatar ba, ba ya samun sauƙi, ashe wani abin ne daban.

Ga kuma ɓuyan da yake yi. A hoton ƙirji na gaba, S6 yana faɗowa daidai bayan wurin da manyan jijiyoyi da bututai ke shiga huhu, inuwarsu ta rufe shi. Ƙari a nan sai a ɗauka jijiya ce ta ɗan yi kauri, ko a ce hoton lafiya lau. Hoton gefe ko CT ne ke fito da shi. Haka masu gashin ƙirji in suna son kakin S6 ya fito rub da ciki suke kwantar da mutum da filo a ƙarƙashin cikinsa, don bakin bututun ya kalli ƙasa.

Taƙaddamar masu tiyata

A 1933 Evarts Graham a St. Louis ya cire huhu guda sukutum saboda kansa, mara lafiyar ya rayu shekaru da yawa. Daga baya aka koma cire lob ɗaya. A 1995 wani gwaji na Amurka ya gwada cire lob da cire ƙasa da lob, aka ga kansar ta fi dawowa wurin kusan ninki uku a waɗanda aka yi wa ƙaramar tiyata. Wannan ya rufe maganar kusan shekara talatin, cire yanki ya zama na tsofaffi da masu raunin numfashi da ba za su iya jure babbar ba.

Abin da ya sake buɗe ta hoton CT ne. An fara ganin ƙananan ƙari da a da ba a gani, musamman bayan 2011 da aka nuna cewa duba tsofaffin mashaya taba da CT yana rage mutuwa da kansar huhu da wajen kashi 20 cikin 100. Gwajin Japan, JCOG0802, ya ɗauki mutum 1,106 masu ƙarin da bai wuce santimita 2 ba a gefen huhu. Bayan shekara 5, kashi 94.3 na waɗanda aka cire wa yanki suna raye, na lob kuma 91.1. Na Amurka da Kanada da Ostareliya, CALGB 140503, mutum 697 ne, waɗanda suka kai shekara 5 ba tare da cutar ta dawo ba kashi 63.6 ne a waɗanda aka cire wa ƙasa da lob, 64.1 a masu lob, kusan kunnen doki.

Masu goyon bayan cire yanki suna cewa ai lissafi ya nuna, an rayu daidai ko ma fiye, kuma wanda aka bar wa huhu da yawa in wata kansar ta biyu ta fito yana da abin da za a sake yanka. Masu ɗari-ɗari su ma daga cikin gwajin Japan ɗin suke ɗauko hujja. Dawowar cutar a wurin ta kai kashi 10.5 a masu yanki, 5.4 a masu lob, kusan ninki biyu. Sannan ribar numfashin da ake ta magana ba ta kai yadda aka zata ba. A lissafin da ake yi kafin tiyata ana ɗaukar huhu biyu yanki 19, cire S6 ɗaya cikin 19 kenan, wajen kashi 5, cire lob ɗin ƙasa na dama kuma biyar cikin 19, fiye da kashi 25. A takarda tazara ce babba. A zahiri a gwajin Japan ɗin, bayan shekara ɗaya bambancin ƙarfin numfashi tsakanin masu yanki da masu lob kashi 3.5 ne kawai, alhali an yi tsammanin 10, don huhun da ya rage yakan buɗe ya cike gurbi. Yoyon iska bayan tiyata ma ya fi yawa a masu yanki.

S6 yana tsakiyar wannan muhawarar. Ana lissafa shi cikin masu sauƙin cirewa don iyaka ɗaya ce tak za a yanka, saɓanin S9 ko S10 da ke da iyakoki ta ko ina kuma jijiyoyinsu na can ciki. Sauƙin nan ne ya sa da shi masu koyo ke farawa. Amma wasu bincike na waiwaye sun nuna sakamakon cire S6, musamman na dama, bai kai na wasu yankunan kyau ba, ana danganta hakan da ƙanƙantarsa da kusancinsa da manyan bututai da ƙulluwa, ga kuma batun S* da ke ɓata iyaka. Ba irin gwajin da ake raba mutane da ƙuri'a ba ne, don haka bai kai ya zama hukunci ba, amma ya isa ya sa a daina ɗaukar S6 a matsayin mai sauƙi kawai.

Shi ya sa manyan cibiyoyi, Japan da Sin a gaba, suka koma gina hoton huhun kowane mara lafiya a kwamfuta daga CT ɗinsa kafin a shiga, ana juya shi ana ƙirga A6 nawa ce, akwai S* ko babu, ina V6 ta bi. A cikin tiyatar kuma ko a hura huhun a bar yankin da aka ɗaure ya bambanta da sauran, ko a yi allurar wani koren rini da kyamara ta musamman ke gani, inda jini ke zuwa ya haska inda aka ɗaure ya yi duhu. Wasu ƙwararrun suna ganin ga S6 CT mai siraran yanka ya wadatar in an karanta shi da kyau, wasu kuma sun ce ba sa taɓa yanki sai da hoton kwamfutar.

Ga mai riƙe da takardar sakamako

Lambar adireshi ce kawai. S6 ko S10 ba ya nufin mataki na shida ko na goma na wata cuta, wuri yake faɗa. In an rubuta ƙarin tsaga ko ƙarin reshe, halitta ce, ba ta buƙatar magani. Abin dubawa shi ne me aka gani a wurin, girmansa nawa, kuma me gwajin kaki ko na tsoka ya ce. Tarin da ya kai sati 2, kaki da jini ko mai wari, rama, nimoniya mai dawowa wuri ɗaya, in hoton gaba bai nuna komai ba ana iya tambayar likita ko hoton gefe ko CT zai ƙara haske.

Wanda kuma aka ce za a yi wa tiyata yana da damar tambaya lob za a cire ko yanki, kuma me ya sa. Sharuɗɗan gwaje-gwajen nan a fili suke, ƙari santimita 2 ko ƙasa, a gefen huhu ba tsakiya ba, ƙulluwa babu cuta, kuma a samu isasshiyar tazara tsakanin ƙarin da inda aka yanka. In ɗaya ya faɗi ana komawa lob, wani lokacin ma ana tsakiyar aikin ake canza shawara in gwajin ƙulluwa ya fito da cuta. A ƙasashenmu da ba a duba mutane da CT tun kafin su ji ciwo, ga tsadar hoton ga ƙarancin likitocin tiyatar ƙirji, yawancin masu kansar huhu suna zuwa ne ta riga ta wuce wannan girman nesa ba kusa ba, don haka sabuwar ƙa'idar mutane kaɗan za ta taɓa a yanzu. Cire yanki a nan ya fi zuwa ne a kan ɓarnar da tarin fuka ko tsohon ƙurji ko gyaɗar da ta daɗe a bututu ta bari, kuma irin wannan huhun mai tabo da mannewa ya fi na mai ƙaramar kansa wuyar rabawa a kan iyaka.